Yadda Ake Zaɓar Ƙwan Fitilar Mota Kafin Zuwa Gaida Surukai

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan fitilar motarka ta mutu, kana tsaye a tashar Batsari kana jujjuya kwali biyu a hannu, ɗaya LED, ɗaya halojin, to Allah ya haɗa ka da wanda ya dace. Ni ban taɓa mallakar mota ba, amma na daɗe a kan bencin mai wayarin, mai gyaran wutar mota, fiye da kowane direba, kuma babu ƙwan da aka ɗaura a gabana ban tofa albarkacin bakina ba. Ka bi matakan nan yadda Surajo ya bi su. Na yi maka alkawari, gidan da ka nufa ba za su manta da zuwanka ba.

Mataki na ɗaya: Ka nemo dalili mai nauyi

Babu mai sayen ƙwai don ya ga hanya. Hanya ai ka haddace ta, kuma a yankinmu kafin duhu ya kankama kowa ya shige gida. Dalilin sai ya zama mace.

Surajo direba ne, yana jigilar fasinja da buhunan gero tsakanin Batsari da Safana. Ya yi wata da watanni da fitila ɗaya, masu tahowa suna zaton babur ne sai sun zo gab su fara salati. Abin bai dame shi ba sai ranar da Rashida ta gaya masa mahaifinta, Malam Daudu na Karare, ya yarda ya zo gaisuwa ranar Juma'a.

"Amma don Allah, Surajo," ta ce, "kada ka zo da motar nan tana kashe ma Baba ido ɗaya."

Daren nan bai ci abincin kirki ba. Yana son yarinyar nan ƙwarai, kuma ya san Malam ba ya ba mutum dama sau biyu.

Mataki na biyu: Ka nemi shawarar waɗanda ba su da mota

Su ne suka fi sani, don babu abin da ke ɗauke musu hankali. Hamidu mai shayi zai ce maka: "Halojin ka sani, da shi mahaifinka ya yi tuƙi. Haskensa ja-ja, ko ana ruwa yana ratsawa, ga araha. Ka dai kiyaye taɓa gilashinsa da hannun da ka ci ƙosai, nan da nan zai ƙone."

Huzaifa mai cajin waya zai tari numfashinsa: "Yaya Surajo, kada ka biye ma tsoho. LED fari tas, ba ya shan batir, ba ya mutuwa da wuri. Har fanka gare shi a baya."

Ka riƙe maganar fankar nan da kyau, sauran duk surutu ne. Kai da kake kwana kana fifita da kwali, ga ƙwan fitilarka yana shan iskar fanka. Surajo yana jin haka ya sayi LED biyu, ya sa aka cire har mai lafiyar.

Mataki na uku: Ka gwada da rana tsaka

Mai wayarin zai yi ta gunaguni, wai gidan fitilarka tsohon yayi ne, don halojin aka ƙera shi, LED zai watsa haske cikin idon jama'a. Zai ce ka dawo da magariba a fuskanci bango a saita shi ya kalli ƙasa. Ka ce masa "to, to," ka tafi. Hassada ce.

Ka kunna a gaban jama'a lokacin azahar. Da rana kowane ƙwai salihi ne. Ka zagaya gaban motar, ka tsugunna, ka kara kunne ka ji fankar tana juyawa, ka girgiza kai. In wani ya tambaya nawa, ka ce ba a faɗi.

Mataki na huɗu: Ka zaɓi lokacin isa

Nan gwaninta take. In ka je da hantsi kamar mai hankali, wa zai ga fitilar? Ka fita gida da wuri, ka laɓe da motar a bayan gari, ka yi sallar magariba a gindin kuka, ka jira sai duhu ya fara sauka. Surajo haka ya yi, cikin sabuwar shadda mai ƙarar sitati, ga goro da alewa a kujerar baya. An yi ruwa da la'asar, ƙasa tana ƙamshi, zuciyarsa fes.

Mataki na biyar: Ka shiga da babbar wuta

Kada ka yi rowar haske. Surajo ya karya kwanar ƙofar gidan Malam da babbar wuta, unguwa ta koma rana. Zakara ya yi cara. Jakin maƙwabta ya tsinke igiya ya bi gonar gyaɗa. Shinge, ƙwarin nan masu fiffike da ruwan ya fito da su, suka taso daga ko'ina suka yi wa motar rumfa, yara suka ɓarko da robobi da tsintsiya suna ihun murna, wata tsohuwa ta leƙo ta katanga tana tambaya ko gwamnati ce ta kawo wuta.

Abin da Surajo bai lissafa ba shi ne, lokacin ciyayya ne. Dattawan unguwa kowa ya fito da kwanon tuwon gidansa, sun haɗa a tabarma suna ci tare. Hasken ya same su a haka, Malam Daudu da loma a tsakanin kwano da baki. Kai ma ka sani, suruki ba ya ganin surukinsa yana cin abinci. Surajo ya gani, har da kalar miyar.

Mataki na shida: Ka sauka ka bar wutar a kunne

In ka kashe, don me ka saya? Surajo ya cire takalmi tun daga ƙofar mota, ya durƙusa a gaban fitilun, inuwarsa ta haye bangon zaure har saman indararo.

"Salamu alaikum. Barka da yamma, Baba. An wuni lafiya? Ya gajiya? Ya ruwa?"

Malam ya kare ido da hannun riga. "Ruwa ya yi gyara. Wane ne?"

"Surajo ne, Baba."

"Ban ga Surajo ba. Wuta nike gani."

Wani dattijo ya tsamo shinge daga miya, ya duba, ya mayar. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa, Surajo ma ya fara jin ƙarfin gwiwa. Sai dariyar ta tsaya. A gefen tabarmar akwai Baba Rabe, tsoho mai shekaru, maƙwabcin Malam. Murfin kwanonsa a buɗe yake, kuma kwanon a bushe yake ƙayau, ko alamar miya babu. Bana damina ta same shi rumbu ba kome. Kullum yana fitowa da kwanon a rufe, ya ajiye cikin sauran, a ci tare da shi. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa gani.

Malam Daudu ya jawo nasa kwanon ya ɗora a kai, a hankali.

"Yaro," ya ce, "mu ma muna da tocila. Da gangan muke ci cikin duhu."

Surajo ya tashi da gudu ya kashe. Ya ce min bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ya so ƙasa ta tsage ya shige har da motar.

Mataki na bakwai: Ka jira hukunci

Bai zo da wuri ba. Rashida ta daina ɗaga waya, Surajo ya rame. Daga baya gwaggonta ta kawo saƙo: Malam bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba, ya ce a bari sai kaka a ga irin hankalin yaron.

Ba wanda ya sa Surajo, amma yanzu duk yamma yana ajiye motar can bayan gari, ya tako da ƙafa da kwanon tuwon gidansu a rufe. Ya lallaɓa ya ajiye a gefen tabarma, kusa da na Baba Rabe, ya juya ba sallama. Jiya, yana juyawa, ya ji muryar Malam cikin duhu: "A gaida mutanen gida."

Ya zo tasha yana tsalle kamar ɗan akuya, ya saya wa kowa shayi, har da ni.

Sanarwa

In har yanzu kana tambaya wanne za ka saya, to halojin ko LED, ka kai a saita maka shi ya kalli ƙasa. Wannan ba shawarata ba ce, ta mai wayarin ce, in ta ɓaci shi za ka nema. Ni ba ruwana da jakin da ya tsere, ko miyar da ta cika da shinge, ko auren da aka ɗaga. Abin da fitilarka ta haska maka kuwa, kai ka kunna, kai za ka ɗauki nauyinsa.