Goron da na kai wa surukina na Yukren

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na durƙusa wa kwamfuta a Agege, shekarar da Intanet ta fara shigo mana unguwa.

Ɗana Sani ya je karatu Rasha tun zamanin Tarayyar Sobiyet, ya dawo da digiri da kuma mata 'yar Yukren, Halina, muka mayar da ita Halima. Mahaifinta soja ne, ya tafi yaƙin Hitila tana cikin uwarta, ba a ga ko takalminsa ba. Ni kuwa da na tsufa ina fataucin goro, ban taɓa kai ko ƙwaya ɗaya gidan surukai ba. Abin nan ya daɗe yana ci na: mun ɗauke 'yar mutum ba mu nema ba.

Ran nan jikata Nadiya ta ce, "Angona, tashi. An ce akwai shafin da mutanen can ke liƙa hotunan sojojin da suka ɓace. Mu je mu nemo baban Mama, abokin takararka a kakanci."

Shagon Intanet ɗin na wata Bayarabiya ne, Iya Tope, ba taga, ga hadari ya haɗo. Nadiya ta buga sunan sojan da haruffansu (ni da na tsaya a aji uku na ga kamar an juya namu ne a madubi). Can ta nuna mini gilashin kwamfutar. Ashe wani danginsa ya sa hotonsa.

Ba ya fitowa gaba ɗaya. Sauka yake a hankali, kamar mai leƙowa ta katanga. Hula. Goshi. Sai idanu, idanun Nadiya sak, suna kallona ba ƙiftawa.

Ɗif, aka ɗauke wuta.

Gilashin ya yi baƙi, amma wallahi mutumin bai tafi ba. Yana ciki, ya tsufa nan take: kumatu sun faɗa, ga furfura, ga hula, ya ƙura mini ido.

Na ce shi ke nan, ya zo bin kadi. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na zaro farin goro na ɗora gaban na'urar.

"Ranka ya daɗe, a gafarce mu. Yaro ne ya yi gaggawa. Tana nan lafiya, ta iya tuwo."

Na ɗago a hankali. Shi ma ya ɗago.

"Ya karɓa!" na ce da ƙarfi.

Aka tada janareto. Sai ga shago cike da 'yan unguwarmu da suka fake wa ruwa. Iya Tope ta ce, "Baba, kilode, me ya faru? Kanka kake gaisarwa?" Nadiya na hawaye tana dariya: "Angona, ai inuwarka ce! Ka nemi auren uwata a wurin kanka."

Har yau in na ratsa kasuwa sai a ce, "Alhaji, ya suruki?"

Halima dai ta ga fuskar ubanta a karon farko, ta rungume takardar da aka buga mata. Goron kuma ban same shi ba. Iya Tope ta rantse ba ta taɓa ba, na duba bakinta, fari tas.

Shawarata, in za ka kai goro, kai shi tun suruki na da rai. In ka makara, to aƙalla ka jira a kawo wuta.