Gayyar Alhaji Bilya

Duk Maƙarfi babu mai ƙaunar ma'aikaci irin Alhaji Bilya, mai masana'antar mazarƙwaila ta hanyar Gazara. Ƙaunar ta kai idan la'asar ta yi, lokacin tashi ke nan, ba ya iya rabuwa da su. Muna kiransa Inuwar Leburori, kuma inuwa ce irin ta yamma, wadda ke ta ƙara tsawo har magariba.

Da aka gaya masa doka ta ce aikin da ya haura lokacin tashi yana da nasa lada daban, Alhaji bai yi fushi ba. Tausayin doka ya ji. Ya tara ma'aikata gaban tukwanen ruwan rake, ya gyara zaman hula.

"Obataim," in ji shi, "abin mutanen da ba su san kakannin juna ba ne. Mu gayya muka gada. Daga yau duk abin da aka yi bayan la'asar ba aiki ba ne, gayya ce. Wa ya taɓa biyan ɗan gayya? Ai zagi ne, ni kuwa ba na zagin 'yan uwana."

Bai yi rowar al'ada ba. Ya ɗauko mai ganga. Ya sa ana dama kunu, kunun da in ka leƙa za ka ga fuskarka har da ramar da ka yi. Shi kuma yana daga cikin mota, gilashi a rufe, yana kaɗa kai don ƙarfafa gwiwa.

Akwai Jumare, mai iza wuta. Dawarsa ta nuna a Likoro, ita ce cimar gidansa ta shekara, ga tsuntsaye sun buɗe kasuwa a kanta. Ya roƙi a bar shi ya riƙa tashi kan lokaci. Alhaji ya yi masa huɗuba kan zumunci har wuta ta kusa mutuwa.

Ranar Juma'a, ana fitowa daga masallaci, Jumare ya durƙusa gabansa.

"Ranka ya daɗe, gobe da la'asar akwai gayyar yankan dawa a gonata. Kai na fara kira, tunda na yi taka har girata ta ƙone. Na wasa maka lauje."

Dattawa suka gyaɗa kai. Kowa ya san wanda aka yi wa gayya shi ma yakan je.

Alhaji ya dubi tafin hannunsa, mai laushi kamar gurasa. Ya dubi jama'a. Sai ilimi ya taso masa.

"Ni? Ka san darajar awa ɗaya tawa? Zamanin aikin banza ya wuce, Jumare. Wanda duk ya ci lokacin mutum, dole ya biya shi. Ko doka haka ta ce."

Liman, wanda kunnensa ke ƙin ji sai ya ga dama, ya roƙi a maimaita don na baya su amfana. Alhaji ba ya ƙin a saurare shi. Ya maimaita, har da ɗaga yatsa.

Washegari ana sallame la'asar ma'aikata suka nufi Likoro, mai ganga a gaba. Dawar Jumare ta shiga rumbu. A masana'anta kuwa ruwan rake na kan wuta, kuma ba ya jiran kowa. An hango Inuwar Leburori ya naɗe babbar riga, yana tura ɓawon rake cikin murhu, yana tari, har magariba.

Har yau bai faɗa mana ko ya biya kansa ba.