Shugaban Motsattsu

Idan ana lissafin masana a garin Maiduguri, a fara da Dakta Mikail Modu, a kuma tsaya a kansa, don shi ma idan yana lissafin a nan yake tsayawa. Allah ya hore masa ilimin zane mai motsi, wato abin nan da yaranku ke kira katun, har ilimin ya yi masa yawan da ko da'ira ba ya iya zanawa. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da fannin a jami'a, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa ƙasƙantar da idonsa ya kalli katun ko guda ɗaya ba. Kallo aikin 'yan kallo ne, shi kuwa mai nazari ne. Saboda tsananin ƙauna, ɗalibansa na kiransa Baba Nazariyya da zarar ya ba da baya.

Duk ranar Laraba yake zama da ɗalibai goma sha huɗu a wani ɗaki mai fanka ɗaya, fankar kuma a saitin kansa take. A kusurwa akwai majigin da jami'a ta saya wa ajin, yana nan cikin kwalinsa, ko ledar ba a ɓare ba. Dakta yakan nuna shi da sanda ya ce, "Ranar da aka kunna wannan, ranar tunani ya mutu."

Wata Laraba, wata ɗaliba mai suna Muhsinat ta yi karambani. Ta zana akuya a gefen shafuka arba'in na littafinta, idan ta karkaɗa shafukan da yatsa sai akuyar ta tsallake kwata. Aji ya kaure da dariya. Dakta ya karɓi littafin da yatsa biyu kamar an miƙo masa tsumman goge-goge.

"Wace nazariyya ce ta ɗaga ƙafar wannan akuya?"

"Ranka ya daɗe, babban yatsana ne."

"To ba ta motsa ba," in ji Dakta. Ya ba ta maki huɗu cikin goma, ya kuma umarce ta ta rubuto shafi ashirin a kan dalilin da ya sa akuyar take zaton ta yi tsalle.

Abu ɗaya ne ke hana wannan bawan Allah sakat. Jami'a za ta buɗe cibiyar shirya katun na harsunan gida don yara, kuma ana neman darakta. Darakta yana da ofis mai na'urar sanyi, da kujera mai juyi, da sunansa a ƙofa. Dakta ya riga ya leƙa ofishin ta taga sau shida. Yana son kujerar nan har cikin ransa, so na gaskiya, wanda bai taɓa yi wa wani littafi ba. Mai neman kujerar tare da shi Malam Nicodemus ne, wani mai furfura da ya shekara ashirin yana koya wa ɗalibai zane, hannun rigarsa kullum da tawada. Dakta bai ɗauke shi abokin takara ba, don mutumin da ke iya yin abu ai ba shi da lokacin fahimtarsa.

Kwamitin zaɓe, ƙarƙashin Farfesa Phebe Jona, ya ce kowane mai nema ya gabatar da tsarinsa a bainar jama'a, kuma da Hausa, tunda ita ce kowa ke ji a gari. Dakta yana da Kanuri na gida, da Turanci na littafi, da Hausar kasuwa da rediyo irin ta kowa. Wannan Hausa ta ishi kowa rayuwa, amma ba ta ishi Dakta ba. Kalmar katun ta yara ce. Dole a ƙirƙiro wata mai nauyi, bisa ƙa'ida.

Ranar Laraba ya shigo aji yana sheƙi, ya ɗauki alli.

"Abin da aka dafa, dafaffe. Abin da aka soya, soyayye. Abin da aka gyara, gyararre. To zanen da aka motsa fa?" Ya rubuta da manyan baƙaƙe: MOTSATTSE. "Kuma duk wanda wannan ilimi ya ratsa, ya motsa shi, shi ma motsattse ne. Ku motsattsu ne ƙanana. Ni ne babba."

Ɗalibai suka kalli juna. Ƙa'idar dai ba ta da aibi ko kaɗan. Matsalar ita ce Hausawa sun riga Dakta kama kalmar, suka ba wa mutumin da kansa ya taɓu, irin wanda ke tsayawa yana gaisawa da falwaya. Duk ajin sun san haka, har 'yan ƙabilun Babur da Shuwa da Ibo, don a titi ake koyonsa. Muhsinat ce kaɗai ta ɗaga hannu.

"Dakta, kakata da ke unguwar Fezzan idan ta ce wane motsattse ne, tana nufin..."

"Kakarki ta wallafa maƙala nawa?"

Muhsinat ta sauke hannu. Sauran kuwa suna da jarrabawa a gabansu, sai suka kwafe kalmar a littafi, har da ja mata layi.

Chigozie, mai shagon buga takardu a unguwar Wulari, sau uku yana tambaya kafin ya taɓa inji. "Oga Dakta, haka za a buga? Haka ɗin nan?" Dakta ya sanar da shi cewa aikinsa tawada ne, ba tunani ba. Washegari aka rataye ƙyalle mai faɗin zani huɗu a bakin tsangaya: BABBAN TARON MOTSATTSU NA FARKO, ƘARƘASHIN JAGORANCIN DAKTA MIKAIL MODU, SHUGABAN MOTSATTSU. A gefe ga hotonsa, ya kafa wa sama ido, ya ɗora yatsa ɗaya a gefen kai irin na masu zurfin tunani.

Tun daga ranar darajarsa ta ɗaga. Mai gadin ƙofa da a da ko kallonsa ba ya yi, yanzu miƙewa yake ya gaishe shi da Kanuri ya ce, "Wushe, Dakta. Ya jikin?" Masu shara suna matsa masa hanya tun daga nesa. Gwaggon matarsa ta taso takanas daga Khaddamari da ƙullin turaren hayaƙi, ta zauna tana kallonsa tana girgiza kai, ta ce da ma ita tun ranar ɗaurin aure ta lura. Dakta ya ji daɗi ƙwarai da ya ga har tsofaffin ƙauye sun gane baiwarsa tun da wuri.

Ranar taro zauren ya cika har tagogi. Ba a taɓa ganin irin wannan ƙishirwar ilimi ba, har masu keke sun ajiye sana'a sun shigo. Dakta ya hau mumbari cikin babbar riga mai aiki har gwiwa, ya gyara hularsa zanna bukar, ya buɗe baki.

"Jama'a, ni ne motsattse na farko a wannan jami'a."

Tafi ya ɓarke.

"Ba a rana ɗaya na motsu ba. Karatu ne ya kai ni. Na dawo gida babu wanda ya gane halin da nake ciki sai matata. Wasu suna zaton Malam Nicodemus ma motsattse ne. Ina tabbatar muku, lafiyarsa... wato, bai kai ba! Idan aka ba ni wannan cibiya, na yi alkawari cikin shekara biyar sai na motsa duk yaran jihar nan, gida-gida!"

Wani a baya ya faɗo daga kan benci. Dakta ya ɗaga hannu cikin tawali'u, ya jira sowa ta lafa. Sannan ya kira Farfesa Phebe, ya miƙa mata allon karramawa mai ruwan zinariya. Ta sa tabarau ta karanta: UWAR MOTSATTSU. Ta cire tabarau, ta goge, ta sake karantawa, ta kife allon a kan tebur a hankali.

"Mun gode, Dakta," in ji ta. "Yanzu a nuna mana katun ɗaya da ka shirya."

Dakta ya yi murmushin tausayi, ya fara bayanin bambancin mai nazari da mai kallo. Yana cikin yi Malam Nicodemus ya haɗa wayoyinsa, bango ya haskaka. Aka ga wani raƙumi ya tsaya tsakiyar titi yana musu da mai keke da Hausa, yana zagi da Kanuri. Minti ɗaya ne kacal, amma sai da jama'a suka sa aka maimaita sau huɗu. Dakta ya juya wa bangon baya har aka gama, ya tsira da mutuncin idonsa.

Bayan mako biyu takarda ta iso. Sakin layi na farko ya ce an naɗa Malam Nicodemus darakta. Dakta ya karanta, ya zauna a kan tsohuwar kujerarsa ta katako wadda ba ta juyawa ko'ina. Abin ya yi masa ciwo sosai. Amma da ya kai sakin layi na biyu sai ya miƙe. Kwamiti ya rubuta cewa game da muƙamin Shugaban Motsattsu, bayan sauraren jawabinsa, mambobi sun amince baki ɗaya babu wanda ya cancance shi kamar Dakta, kuma ba a samu mai ja da shi ba.

Ko ba sanyi, ko ba juyi, suna a ƙofa dai ya samu. A ranar ya sa aka rubuta muƙamin a farantin ƙarfe, aka kafa masa da ƙusa huɗu. Yanzu duk wanda ya zo wurinsa sai ya karanta, ya ƙwanƙwasa a hankali, ya ja da baya taku uku, ya tabbatar hanyar fita a buɗe take. Dakta ya ce wannan shi ake kira kwarjini.