Yadda Na Tuba Daga Walda

Ranar wata Litinin na iso shagona na tarar da jan fenti a jikin ƙofa, ga takarda an liƙa: an ba ni mako biyu in kwashe kayana in koma bayan gari, inda aka ware wa masu sana'ar ƙara da tartsatsi. Jama'a, ni fa tela ce. Shekara shida ke nan ina ɗinki a layin nan, tun da na gama jami'a na gaji da yawon neman aiki da takardu a jaka. Abu mafi zafi a shagona shi ne dutsen guga.

Ashe manyanmu na birni, Allah ya ƙara musu basira, sun fito da sabon tsarin bunƙasa kasuwanci, wai don mu sha gaban garuruwan da ke kewaye da mu. Layinmu zai zama na sana'o'i masu tsabta. Da yake takalmansu ba su saba da ƙasa ba, sai suka zauna cikin sanyin ofis suka tsara komai daga wata tsohuwar rajista. A cikinta, shago na goma sha ɗaya, wato nawa, na mai walda ne. Mutumin ya tashi tun ina firamare.

Maƙwabcina kuwa, Baba Mai Walda, wanda injinsa ke hana ni jin ƙarar wayata, rajista ta ce turare yake sayarwa. Shi ba a taɓa ƙofarsa ba.

Kwana uku ina zaman benci kafin a shigar da ni wurin Mai Girma Uban Tsare-tsare. Na ciccibi kan keken ɗinkina na dire masa a tebur. Ya dubi keken, ya dube ni, ya ce, "'Yata, na ga keke. Amma keke ba takarda ba ne."

Ya yi min bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya, cewa an riga an buga tsarin, mai kala, har an ƙaddamar, saboda haka ba shi gyaruwa. Ni ce mai gyaruwa. In ina son shagona, sai in cike fom na sauya sana'a, in haɗo da wasiƙar ƙungiyar masu walda cewa na bar aikin.

Shugaban ƙungiyar kuwa Baba Mai Walda ne. Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan wata ƙofar ƙarfe. Sannan ya rubuta cewa ƙungiya ta yi babban rashi, ba a taɓa kawo ƙarata kan aikin da ya ɓalle ba.

"Ranka ya daɗe mai turare," na ce, "a ƙara da cewa ban taɓa ƙona kowa ba."

Ya ƙara.

Na yini ina juya fom ɗin, don ban yi karatu don in sa hannu a kan ƙarya ba. Inna ce ta raba gardama. Ta ce ƙaryar tasu ce, shagon nawa ne, in zaɓi wanda zan ci abinci da shi. Na sa hannu, na danna biro har ya huda takardar.

Shagona ya tsira. An goge jan fenti. Shekaranjiya sai ga tawaga da mai hoto, aka ɗora min gilashin walda a goshi, aka ba ni almakashi na riƙe. Sun ce in yi murmushi, na ce wannan babu shi a fom. Yau hotona na rataye a shataletale, ƙarƙashinsa an rubuta cewa ni ce nasarar farko ta sabon tsari: mai waldar da birni ya mayar tela cikin mako biyu.

Yanzu ma takarda ta iso, ana gayyatata mako mai zuwa in koya wa sauran masu walda yadda na yi. Na amsa. Na ce kowa ya zo da allurarsa.