Baba Ya Koma Korar Tsuntsu

Jama'a, jiya na ga mahaifina rataye da zare a wata gona a Badarawa. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, don haka bari in yi bayani.

Hotonsa ɗaya ne tak a duniya: yana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Kaura da malafarsa, fuska a murtuke don bai yarda da mai hoton ba. Bayan an ba mu sabuwar jiha, wani ofishi ya yi shela a kawo tsofaffin hotuna da takardu, za a zuba su a kwamfuta har abada. Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya zo da jiniya, aka ci shinkafa, aka tafa. Ni kuma, wayayyen gidanmu, na je Zurmi na zaro hoton daga ƙasan kwallar yayata Adda.

"Maitama, mi za ka yi da shi?" in ji ta.

Na ce, "Adda, ci gaba ne, ba za ki gane ba."

A ofis suka riƙe na takarda, wai tsohon yayi ne, suka ba ni disket, ɗan faifan kwamfuta. Na ajiye shi inda ake ajiye abu mai daraja, wato kan rediyo.

Bana ɗiyata Nazifa za ta yi aure, ta ce hoton kakanta take so a bangon ɗakinta. Na kai disket shagon kwamfuta. Mai shagon ya sa, ya cire, ya hura masa iska, ya ce, "Baba, maganaɗisun sifikar rediyo ya shanye shi."

Na koma ofis. Kwamfutar tana nan lulluɓe da zane, cikin mutunci. Babu wuta, motar da za ta sayo man janareta kuma tana layin mai. Hoton takarda, gara ta riga ni.

"Kwantar da hankalinka," in ji jami'in. "Mun kwafe komai a faifan sidi. Yallaɓai shugabanmu ya tafi da su don tsaro."

Tsaron kuwa suke yi. Maƙwabcina Jatau, ɗan kabu-kabu, ya kai ni gonar Yallaɓai. Ga faya-fayai reras saman gero suna walƙiya, suna korar tsuntsayen jan-baki. Na gano mai ɗauke da sunan unguwarmu. Rana ta ɓare bayansa, ana hango sama ta cikinsa.

"Kai ka cika ƙorafi," in ji Jatau. "Ka ce gwamnati ba ta aiki. Ko tsuntsu guda ka gani?"

Ban gani ba. Na so in kira abin da sunansa, amma zamanin shari'a ne, sai da shaidu, shaidun kuma duk sun tashi sama.

To, mai abu ɗaya tak a duniya, ka saurari wanda ya gwada. Disket ba ya shiri da rediyo, sidi ba ya shiri da rana, ofis ba ya shiri da kowa. Ka wanke hoto biyu ko uku, ka raba su gari-gari, na asali kuma kada ya bar kwalla.

Na gaya wa Adda. Ta ce, "Ci gaba ne, na gane."

Nazifa za ta tare da bango fayau. Faifan kuwa na bar shi a can. Baba ya ƙare rayuwarsa yana korar tsuntsu a gona kyauta. Yanzu dai ya samu aikin gwamnati.