A Dawo Wa Inna da Igwarta

Zuwa ga Mai Girma, Mai Hangen Nesa, Shugaban Ofishin Sayo Makamai da Kwantar da Hankalin Tsibiri,

Bayan gaisuwa irin wadda talaka ke yi daga bakin ƙofa da takalminsa a hannu, ina fatan azumin bana bai taɓa ka ba a cikin sanyin ofis. Sunana Salmin ɗan Darwish, mai gyaran firji a ƙauyen Sufaira. Ban san komai a harkar tsaro ba, ranka ya daɗe, shi ya sa zan yi ta tambaya.

Saboda mahaifiyata, Inna Lulwa, na ɗauki alƙalami. Ta haura tamanin, kunnenta ya mutu, idonta ma sai hazo-hazo. Abu ɗaya ya rage mata da take ji a duniya: tsohuwar igwar da Baba Farhan ke harbawa da faɗuwar rana a watan azumi. Ita ma a ƙirji take jin ta, sai kuma kofin gahawa da ke yin tsalle a faranti. Tun tana yarinya ba ta kai dabino baki sai igwar nan ta tashi. Bana babu igwa. Ka ba ni dama in tuna maka yadda aka yi.

Na ɗaya. Ina yaro igwar na kan tsohuwar ganuwa a bakin tashar jiragen ruwa. Sai ofishinka mai albarka ya sayo jiragen sintiri biyu. Wallahi mun yi murna, mata har da guɗa. Aka ce ganuwa ta tare wa jiragen hanya, aka rushe ta, aka sauko da igwa gefen gonakin dabino. 

Na biyu. Bayan wasu shekaru tankokin yaƙi suka iso. Ranka ya daɗe, tsibirin nan ne fa, wanda direba ke zuba shayi a wannan gaɓa ya isa waccan bai huce ba. Ina tankokin za su je? Wa za su kora, zuwa ina? Na san akwai amsa, ƙwaƙwalwar mai gyaran firji ce ba ta kai ba. Su dai suna buƙatar inuwa da wurin kwana, aka sare dabinon aka gina musu rumfuna, igwa ta koma filin ƙwallo. Yanzu dabinon da muke buɗa baki da shi ma daga waje ake kawo shi, kamar tankokin.

Na uku, jiragen sama na yaƙi. Ɗan maƙwabciyarmu matuƙi ne, yaron kirki. Ya ce mini, "Kawu, aikin ba wuya. Ina tashi sai in fara ba maƙwabta haƙuri, don kafin in naɗe tayoyi na shiga samaniyarsu." Hanyar tashinsu ta cinye filin ƙwallo, da bai isa ba aka cike teku da yashi. Nan dole in yaba maka: kai kaɗai ne shugaban da ke ƙara wa ƙasa girma don kayan da ya sayo su sami wurin zama. Igwa kuwa aka tura ta bayan kasuwar kifi, tsakanin bola da kwanduna. Baba Farhan ya ɗaure hanci da rawani ya ci gaba da aikinsa.

Ba zan sa jirgin nan mai nutso ƙarƙashin ruwa da ka sayo a lissafi ba, don kada a ce ina tsokana. Tekunmu in ruwa ya janye mata na shiga tsintar ƙaguwa da zane a gwiwa. Mahaifina da ya yi rayuwarsa yana nutso neman lu'ulu'u da numfashin ƙirjinsa, da ya ga jirgin nan a kafe a bakin tasha da ya tausaya masa.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyata ke tafasa. Bana ka kawo mana Garkuwar Sama, wadda aka ce ko ƙuda ya nufo mu da mugun nufi za ta gan shi. Ranar farko ta azumi rana ta faɗi, Baba Farhan ya ɗura albarushi ya kunna, igwa ta ce daram. Garkuwarka ta ɗauka an kawo hari. Jiniya ta kama kuka ko'ina, jama'a suka watse da dabino a hannu, harisa, faten alkama da nama da muke ci da azumi, ta ƙone a tukwane. An ce wasu manya sun sha ruwa a ƙarƙashin tebur, amma ban gani ba, ba zan rantse ba. Washegari aka zo da mota aka ɗauke igwa, aka tafi da Baba Farhan.

"Wa ya ba ka umarnin harbi?" in ji jami'in da ya tsare shi.

"Rana, ɗana," in ji shi. "Da ta faɗi."

Ranka ya daɗe, a duk shekarun nan da jiragen dakon kaya ke sauke mana ƙarafa, akwai makami ɗaya a tsibirin nan da ya taɓa yin aikin da aka ajiye shi dominsa, in ban da wannan tsohuwa mai tsatsa? Ita ce kuma aka kama?

Na biyar. Tun ranar Inna ba ta yarda an sha ruwa. Mu nuna mata agogo, ta ce agogo ɗan jiya ne. Mu ci a gabanta, ta ce mu dama can ba mu da haƙuri. Liman ya zo da kansa ya yi mata ishara cewa an ɗauke mata azumi saboda tsufa, ta ce, "Kai da na goya a bayana za ka koya mini azumi? Je ka gaida uwarka." Haka take zama da dabino a tafin hannu, a wannan zafin, har duhu ya rufe yadda ko idonta ba ya musu.

Na yi dabara. Na laɓe bayan ɗakinta na maka wa duro muciyar harisa da duk ƙarfina. Ta ɗaga murya ta ce, "Salmin, duro ne. Ni na haife ka."

Shekaranjiya ta faɗi a tabarmar sallah. Likita ya ce jikinta ya bushe, in ta ci gaba a haka ba lallai ta ga Sallah ba. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, kuma ba maƙiyan da ka saya mana Garkuwa dominsu nake tsoro ba.

Roƙona kaɗan ne. A dawo da igwar, a gaya wa Garkuwa cewa magariba ba hari ba ce. In kuma Garkuwar ba ta jure firgita, to rumbunanka cike suke da makamai masu linzami da ba su taɓa ganin rana ba. A ba mu aron ɗaya kullum da yamma, a harba shi cikin teku. Ka ga su ma sun motsa jini, Inna kuma ta sha ruwa.

Jiya da la'asar ta riƙo hannuna, muryarta da ƙyar take fita. Ta ce, "Salmin, kada ka ɓoye mini. Tun kakannina igwar nan ba ta taɓa yin shiru ba. Wa ya ci mu da yaƙi?"

Na buɗe baki in ce mata ba a taɓa tsare mu kamar bana ba, sai na kasa. Na yi mata alkawarin zan tambayi wanda ya sani. Ka taimaka ka aiko da sunan kafin magariba, ranka ya daɗe, tana zaune da dabinonta a hannu.

Allah ya ƙara girma, ya ƙara wurin ajiya.

Naka mai biyayya, wanda ake tsaronsa ta sama da ƙasa da ƙarƙashin ruwa,

Salmin ɗan Darwish,
mai gyaran firji, Sufaira.