Rasuwar Toka, Motar da Aka Rufe wa Ido Ana Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, wanda tarbiyya ba za ta bar ni in kira sunansa ba, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, abokan aikina malamai, da duk wanda aka taɓa rage wa hanya a kujerar baya, rasuwar motata Toka. Ta rasu ranar Talata da misalin ƙarfe uku da rabi na rana, a hanyar dawowa daga asibiti, ana tsaka da ruwan sama. Shekararta goma sha ɗaya a hannuna. A hannun wani ta cika.

Marigayiyar ta samo sunanta ne daga launinta. Ba kyakkyawa ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita ce ba. Da safe sai ta yi tari sau biyu, ƙir-ƙir, ƙir-ƙir, kafin ta amsa da buuu. Ƙofarta ta baya ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. Amma ba ta taɓa sa ni makara ba. Ta ɗauki takardun jarrabawa, ta ɗauki tukunyar gas, ta kai maƙwabciyata asibiti tana naƙuda har aka kusa haihuwa a cikinta. Duk Talata kuma ita ke kai mahaifiyarmu, Umma, asibiti wajen gashin ƙashi, tun bayan ciwon da ya taɓa mata ɓarin jiki.

Babban halin da za a tuna ta da shi, idonta a buɗe yake. Ranar da na saye ta, bakanikena ya zagaye ta sau biyu ya ce, "Malama, wannan launin nata da kwalta da hadari uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. In ruwa ya sauko ɓacewa za ta yi. Ki bar fitila a kunne ko da rana ce. Ba don ki ga hanya ba, don a gan ki." Na riƙe maganar. Na kuma sha wuya a kanta. Masu babur su matso suna buɗe yatsu suna rufewa, alamar wai na bar fitila a kunne. Mai gadin makaranta ya biyo ni yana, "Malama, kin manta fitila!" In ce na gode, in wuce abina. Shekara goma sha ɗaya ko madubinta ba a taɓa gogewa ba.

Cikin masu yi mata ba'a babu kamar yayana, babban gidanmu, wanda duk abin da ya sani ya riga kowa saninsa. "Tuƙin mata ke nan," in ji shi. "Rana na dukan ƙeya kin kunna fitila sai ka ce kina neman allura. Batir za ki kashe."

Game da jinyar ajali kuwa, Toka ba ta yi jinya ba. Lafiyarta ƙalau ta fita. A ranar an sa ni tsaron jarrabawa, babu halin in motsa, baban yara kuma ya yi tafiya. Umma ta ce in ba Yaya makulli ya kai ta. Na ba shi da hannu biyu. Na ce, "Yaya, don Allah, hadari na haɗuwa, ka bar fitilar yadda take." Ya karɓa ko kallona bai yi ba. "Tun kina goye nake tuƙi."

Sauran labarin daga bakin Umma na ji shi. A ƙofar asibiti, za su fito, wani ya yi musu alamar nan ta yatsu. Yaya ya yi tsaki ya murɗe maɓallin. Umma ta ce, "Ai cewa ta yi ka bari." Ya ce, "Umma, rana ce fa. Kallonmu ake yi." Ba su yi nisa ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Gari ya yi toka, hanya ta yi toka, ita ma toka. Abin goge gilashinta yana ta shaf-shaf, shaf-shaf, iyakar ƙoƙarinta ke nan. A gaba wata bas ta lalace a ɗaya hannun. Babbar mota ɗauke da bulo ta fito za ta kewaye ta. Umma ta ce sautin ƙarshe da Toka ta yi ba hon ba ne, wani irin nishi ne, kamar an zauna a kan tsohon gado.

Direban babbar motar ya zo asibiti washegari. Dattijo ne, hula a hannu. Ya durƙusa a bakin gadon Umma ya ce, "Baiwar Allah, wallahi na duba kafin in fito. Ruwa kawai na gani." Na so in tsane shi, kuma yana da nasa laifin, don gaggawar ba ta da dalili. Amma daga nan garejin bakanike na wuce, inda aka ja gawar. Ban dubi gabanta da ya lotse ba, kaina na zura ta taga na dubi maɓallin fitila. A kashe yake. Bakanike ya dube shi, ya dube ni, ya koma yana goge hannun da babu komai a kai.

Marigayiyar ta bar taya ɗaya ta ko-ta-kwana, da jak, da matashin da Umma ke jingina bayanta. Ta bar fitilarta ta hagu, ko tsagewa ba ta yi ba. Ta bar batir, wanda aka gwada aka same shi cike taf, don haka muna taya wanda ya yi ta fafutukar ceton ransa murna. Ta bar yara uku da yanzu suke tafiya makaranta a ƙasa. Ta bar Umma da karaya biyu, ɗaya a wuyan hannu, ɗaya a ƙashin kafaɗa, duk a dama, ɓarin da ciwon farko ya ƙyale mata. Matar da ta yi shekara biyu tana koyon yi wa kanta komai da hannu ɗaya, yau ni ke ba ta abinci a baki, tana kau da kai don kunya. Ta bar Yaya da ƙwarzane ɗaya a goshi, wanda yake nuna wa duk mai zuwa dubiya.

Har yau bai ce a yi haƙuri ba. Cewa yake ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma na san hannun da ya murɗa maɓallin, yatsunsa biyar. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce babba ne, in haɗiye. Na haɗiye kwana biyu, ya ƙi wucewa. Jiya da safe na rusuna na gaishe shi yadda aka koya mini, sannan na ce, "Yaya, ka kashe fitilar?" Ya ce, "Yanzu lokacin wannan maganar ne?" Umma, da muka ɗauka barci take, ta ce, "Ya kashe." Ta ƙara da cewa muddin tana numfashi ba za ta sake shiga motar da yake ja ba. Gwaggo ta tashi wai za ta duba ruwan zafi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauko ta daga garejin bakanike zuwa filin 'yan gwangwan, inda za a raba gadonta. Ba sai an yi mata wanka ba, ruwan ranar ya wadatar. Za a karɓi gaisuwa a gidanmu, a ƙarƙashin rumfar da take kwana, an shimfiɗa tabarma a kan tabon baƙin mai. Masu zuwa da mota su shigo layin da fitila a kunne, wanda ya ji kunya ya zo a ƙasa.

An ware wa Yaya kujera a sahun gaba. Kafin a ɗaure ta a ja ta, bakanike zai ciro maɓallin fitilar. Umma ta ce a kawo mata shi, ita za ta miƙa masa a gaban kowa, da hannun hagu.